Kambun Maigida da Sanyin Rafin Maje

Tun kafin ladan ya yi kiran farko muka fita. Ko zakarun gidan ba su motsa ba, sai tsohuwar akuyarmu ce ta ɗaga kai ta dube mu ta mayar. Tsakiyar sanyi ne, lokacin da ruwan randa ke kama haƙori, mutum ya yi alwala ya ji kamar an datse masa yatsu. Maigidana yana gaba, bindigarsa ta toka a kafaɗa, barandami a ƙugu, burtu rataye a bayansa, wato kan tsuntsun nan da maharba ke ɗaurawa a goshi su yi rarrafe su matsa kusa da nama. Karensa Ƙyale-su yana gefensa. Ni ina baya da ƙunshi a ka: barguna biyu, buzu, 'yar tukunya, garin gero, kanwa, ƙuliƙuli da guntuwar fartanya.

Mutane suna ce masa Nomau Mai Burtu. Ni ban taɓa kiran sunan nan ba yana da rai. Maigida nake cewa, haka kuma zan ci gaba da faɗa.

A ƙofar gida na miƙa masa gorar ruwa, sai ya ja da baya ya nuna mini ƙasa da baki. Na ajiye, ya sunkuya ya ɗauka. Ba fushi muke yi ba. Kambu ne a ɗaure a damtsensa na dama, wanda Tsoho Anaruwa, Sarkin Bakan garinmu, ya ɗaura masa da hannunsa bayan ya yi masa wankan sassaƙe. A wurin maharbanmu gwanki ba kamar sauran namun daji ba ne. Ba a harbinsa haka nan. Sai an ɗaura kambun, kuma daga lokacin da aka ɗaura har a yanke wutsiyar gwankin, jikin mace ba ya taɓa jikin maharbin, ko da kan yatsa ne. In ya taɓa, kambu ya karye. Wanda kuwa ya kashe gwanki da karyayyen kambu, sun ce abin zai biyo shi har gida ya faɗa kan 'ya'ya da jikoki. Kuma sau ɗaya ake ɗaura wa mutum a rayuwarsa.

Maigida ya kashe gada da barewa da mazo ba iyaka, ya kashe mugun dawa, ya taɓa kashe damisar da ta addabi awakin unguwa. Gwanki ne kaɗai Allah bai ba shi ba. Ubansa ya kashe, ƙanensa Cindo ya kashe. Idan maharbi ya mutu a garinmu, maharba sukan taru su yi masa kiɗa, waɗanda suka kashe gwanki su ne ke fara shiga fili da ƙahonsa a hannu, saura su tsaya a gefe. Da Cindo ya rasu a daminar shekarar, na ga Maigida tsaye a gefe cikin samari, gemunsa fari fat, ana kiɗan ƙanensa shi kuma ba shi da ikon shiga. Ranar bai ci tuwo ba. Da kaka ta wuce, wani Bafulatani ya kawo labarin ya ga sawun gwanki guda a dajin Gwaska, bayan duwatsu. Shi ke nan Maigida ya tafi wurin Anaruwa.

Ni abin da ya dame ni tarinsa ne. Tun damina yake yi, in dare ya yi ƙirjinsa ya riƙa kuka kamar ana jan ƙofar kara. Da can Cindo ne abokin tafiyarsa, yanzu babu. Na ce zan bi shi, ya ce mace da farautar gwanki ina aka taɓa yi. Na ce ai da ƙuruciya na sha binsu sansani ina yi musu bandar nama. Muka kai magana gaban Anaruwa, tsohon ya ce in dai ba zan taɓa shi ba kuma ba zan tsallake bindiga ba, in je. Ni ba gwanki na fita nema ba. Na fita ne in dawo da mijina gida da ransa.

Gari ya waye mana a ƙarshen gonaki, muka yi salla a kan wani fa, muka shiga daji. Gamba ta bushe ta fi tsayin mutum, tana karce fuska. Muka wuce ta cikin marke da taura da kaɗanya, muka fara hawan duwatsu inda gwaggon birai suka zauna jere suna shan hantsi, babbansu yana yi mana haushi kamar kare. Maigida ba ya magana a daji. In ya tsaya in tsaya, in ya tsuguna in tsuguna. In tari ya taso masa sai ya cusa baki cikin hularsa.

Da rana ta karkata ya kira ni da hannu. A wani wuri mai laushin ƙasa ya nuna mini sawun: kofato tsagagge, dogo, ya kusa tafin hannuna, bakinsa a cinye. Ƙafar baya ta hagu ba ta nitse kamar sauran ba. Ya ce cikin raɗa tsoho ne, garke ya kore shi, kuma yana ɗingishi. Gaba kaɗan ga inda ya goga ƙaho a jikin marke, ɓawon ya saɓule, danyen wurin bai gama bushewa ba.

Shi ya so mu kwana a ƙasan kwari kusa da ruwa, ni na ƙi. Sanyi kamar ruwa yake, gangarawa yake yi ya taru a kwari. Na zaɓi wani wuri a kafaɗar tudu, bayan wani babban dutse da ya tare iskar arewa. Nan na sauke kaya na ɗauki fartanya.

Abin da na yi a daren nan ba a wurin maharba na koya ba, a ɗakin jego na koya. Kowace mace a garinmu ta san gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi. Na haƙa rami tsawon mutum, zurfinsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Maigida ya saro busasshiyar ƙirya da barandami, don ita ce itacen da garwashinta ke kwana. Muka hura wuta a cikin ramin tun daga kai har ƙafa, na dama kunun kanwa a gefe. Ya ɗauko wasu duwatsu daga bakin ruwa zai jera, na ce ya mayar, dutsen rafi yana da ruwa a ciki, in ya ji wuta fashewa yake yi. Da harshen wutar ya mutu sai jan garwashi, na baza shi, na mayar da ƙasa na rufe, na tattake. Ba a kwanciya nan take. Sai da na bari tururin ƙasar ya gama fita, don in ka kwanta a kansa za ka tashi jiƙe. Sannan na shimfiɗa gamba mai kauri, na ɗora buzu. Mai kwanan daji yakan damu da abin rufa, alhali ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jikinsa.

Na sa ya cire rigar da ya yi gumi a ciki ya sa busasshiya, ya ja hula har kunne. Na ajiye masa ƙwaryar kunu a ƙasa, ya ɗauka ya sha yana hararata. Da ya kwanta ya ji ɗumi yana ratsa bayansa, sai ya yi wata doguwar ajiyar zuciya.

Ya ce, "Yalwa, kin mai da ni maijego. Ga gado, ga kunun kanwa. Saura wankan ganye."

Na ce, "Haifo mana gwankin tukuna, sai in dafa ruwan."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce in Anaruwa ya ji an kwantar da maharbi a gadon jego zai karɓe kambunsa. Na ce ni dai ba zan faɗa ba, sai dai Ƙyale-su. Na kwanta a ɗaya gefen dutsen kusa da 'yar wutar da muka bari. Kura ta yi ta kuka a can ƙasan kwari, taurari kamar a miƙa hannu a tsinko. Daren nan ya yi barci irin wanda rabonsa da shi tun damina. Na yi ta sauraron ƙirjinsa, shiru.

Da safe ya ce gwankin ba shi da nisa, mu bar kaya a nan mu tafi da sauƙi, kafin la'asar mun dawo. Ya so in zauna in jira shi, na ƙi. Kafin mu tashi na tone ƙarshen ramin, na cusa wani kututturen ƙirya da ya kama wuta, na rufe da toka da ƙasa na bar masa 'yar kafar numfashi, don mu tarar da wuta in mun dawo. Na bar fartanya da tukunya da buzu. Bargo ɗaya na ɗaura a baya kamar goyo, yana ta yi mini tsiya wai zan je kasuwa ne. Ashana tana cikin aljihun rigarsa.

Gwankin nan ya ja mu. Sawu ya hau tudu ya sauka, ya ratsa wata ƙonanniyar fadama inda ya tsaya ya lashi toka, ya shiga duhuwar kurmi ya fito. Sau ɗaya Maigida ya ɗaura burtu ya yi rarrafe cikin ciyawa yana sunkuyar da kan tsuntsun kamar mai kiwo, ni na riƙe kare a bayan wani suri. Ya daɗe, ya dawo gwiwoyinsa duk ƙaya, ya ce mazo ne. La'asar ta yi, ta wuce. Na ce mu juya. Ya nuna mini kashin gwankin a ƙasa, ya sa bayan hannu a kai, ya ce da ɗuminsa. Sawun ya gangara ya shiga Rafin Maje.

Rafin ba shi da faɗi sosai, amma yana fitowa ne daga cikin duwatsu, inuwa ta rufe shi, ruwan baƙi ƙirin. Maigida ya naɗe wando ya shiga, ya ɗaga bindiga da ƙahon albarushi sama da hannu biyu. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai cinya. A tsakiya wani dutse mai gansakuka ya juya a ƙarƙashin ƙafarsa. Na ga ya tafi da baya, ruwa ya rufe shi har wuya, hannuwansa dai suna sama da bindiga. Da ya saki bindigar da ya dafa. Bai saka ba. Na faɗa ruwan na miƙa masa hannu, ya daka mini tsawa irin wadda bai taɓa yi mini ba, na janye. Da gwiwa ya ja jiki har gaɓar can, ni ma na bi bayansa na ƙetare.

Rana ta riga ta faɗa bayan dutse. Komawa sansani a cikin duhu ba zai yiwu ba, ga rafin a tsakani. Na ce a hura wuta yanzu yanzu. Ya ce a'a. Ya nuna mini wata gangara a ƙasanmu inda sawu ya yi yawa, tsoho da sabo, ya ce nan gwankin ke shan ruwa da asuba, in ya ji ƙaurin hayaƙi ba zai zo ba, kuma ba za mu sake ganinsa ba. Na yi magiya, na yi faɗa, na ambaci jikokinsa ɗaya ɗaya. Ya ce dare ɗaya ne, ya sha kwana a daji ba wuta tun kafin a kawo ni gidansa.

Muka sami wani tsagin dutse a saman gangarar. Na karɓi wuƙarsa, wato ya ajiye na ɗauka, na yi ta yankan gamba har hannuna ya tsattsage, na cika tsagin da ita. Ya tuɓe ya matse rigar da wandon, na shanya su a kan dutse, ya naɗe cikin bargon ya shige ciyawar. Ƙyale-su ya kwanta a ƙafafunsa. Ya ɗauki bindigar ya shimfiɗa ta a tsakaninmu. Ni na takure a ɗaya gefen da zanena da mayafi, gefen zanen jiƙe. Muka tauna ƙuliƙuli, ruwan gora ba ya shawuwa.

Ban taɓa jin sanyi irin na daren nan ba. Daga rafin yake tasowa yana shiga ƙashi. Haƙoran Maigida suna kaɗawa har ina ji, ciyawar da ke kansa tana motsi, tarin ya dawo da ƙarfinsa yana cusa baki cikin bargo. Na yi ta jansa da hira don kada ya yi shiru. Na tuna masa shekarar da ya biyo ni kasuwa da zomo a hannu wai toshi, uwata ta ce wannan saurayin ko sabulu bai sani ba. Ya ce ai ta cinye zomon. Muryarsa tana fita a guntule.

Can dare ya raba sai maganarsa ta canza. Ya fara kiran Cindo, yana ce masa ya zagaya ta bayan iska. Sannan na ji ya ture bargon, wai zafi yake ji. Na saurara, kaɗawar haƙoran ta tsaya. Ina yarinya an taɓa tsintar wani tsoho a fadamar garinmu da sanyin safiya ya tuɓe rigarsa ya mutu, na ji manya suna cewa wanda sanyi ya kusa gamawa da shi zafi yake ji, kuma rawar jiki takan daina. Karen ya tashi yana ƙugi yana lasar fuskarsa.

Na lalubo rigarsa a kan dutse, ta yi tauri. Na zaro ashanar, ban ƙara tunanin gwanki ba. Na ƙyasta, kan ya murƙushe kamar danyen ƙulli. Na ƙyasta wani, haka. Har kwalin ya ƙare ko ƙyalli ban gani ba.

Na matsa har bakin bindigar na kira shi. Na ce, "Maigida, zan shigo."

Sai hankalinsa ya dawo, ya yi magana sarai kamar lafiyarsa ƙalau.

"Yalwa, saura kaɗan gari ya waye. Ki bar ni. Don Allah ki bar ni."

Shekarunmu tare bai taɓa haɗa ni da Allah a kan komai ba sai ranar. Na koma na zauna. Na dubi gabas, baƙi. Na jira, na sake kiransa, ya amsa da ƙyar. Na sake kira, bai amsa ba. Numfashinsa ya yi nisa da juna, sai in ji kamar ba zai ja na gaba ba.

Ban tsallake bindigar ba. Na ɗauke ta da hannu biyu na jingine a jikin dutse. Na kwance zanen da ya jiƙe na yar, na shige ciyawar, na manna ƙirjina a bayansa. Kamar na rungumi tulu. Na ja karen na cusa shi a cikinsa, na ja bargo da mayafi na rufe mu har ka, na jawo gamba na tula a sama. Na sa hannuwansa a hammatarsa na danne da nawa, na haɗa ƙafafunsa a tsakanin nawa, ina hura masa numfashi a ƙeya. Kambun yana gogar damtsena, fatarsa sanyi ƙalau. Na karanta duk abin da na iya, na koma farko.

Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji wata 'yar rawa ta fara a kafaɗarsa, ta sauka bayansa, ta kama jikin duka, haƙora suka dawo da kaɗawa. Ban taɓa jin daɗin wani sauti kamar wannan ba. Na yi kuka a bayansa ba tare da ya sani ba. Ba a daɗe da haka ba fakara ta yi kuka a ƙetaren rafin, wata ta amsa mata. Na ɗaga gefen bargo, gabas ta fara fari. Asubar tana kusa kamar yadda ya faɗa. Gajiya ta kwashe ni, barci ya ɗauke mu duka.

Hantsi ne ya tashe mu. Ya buɗe ido ya dubi hannuna a kan ƙirjinsa, ya daɗe yana dubawa. Ya tashi zaune, ya sa haƙori ya kwance igiyar kambun, ya ninke shi ya riƙe. Na miƙa masa gorar ruwa, ya karɓa daga hannuna.

Da muka leƙa gangarar, ga sawu sabo a kan laka, ƙafar hagu ba ta nitse ba. Gwankin ya zo da asuba ya sha ruwa a ƙasanmu, inda ko jifa aka yi za a same shi, ya ƙetare rafin ya tafi. Maigida ya tsuguna a wurin, ya sa yatsa cikin sawun, ruwa bai gama taruwa a ciki ba. Ya miƙe ya ce, "Mu je gida, Yalwa."

Sai da rana ta busar da kayansa ta gasa shi sosai muka kama hanya. Muka haura sama inda ruwan bai wuce idon sawu ba, ya dafa kafaɗata muka ƙetare. Tafiyar da muka yi jiya da sauri yau ta zama ta tsofaffi, ya yi kaɗan ya zauna, ya yi tari, ya tashi. Burina kawai mu kai sansani kafin sanyi ya sauko, mu tarar da wutar da na binne.

Rana tana ja muka hango babban dutsen. Sai Ƙyale-su ya tsaya cak, gashin bayansa ya miƙe. Maigida ya danne masa wuya, muka leƙa ta tsakanin duwatsu.

Gwankin yana kwance a kan gadon da na yi. Ya ture buzun gefe, ya naɗe ƙafafu a kan gambar, daidai inda ƙasar ke da ɗumi saboda kututturen. Ban taɓa ganinsa da rai kusa haka ba. Ya kai doki girma, jikinsa ja-ja mai toka-toka, fuskar baƙi da fari kamar an zana, kunnuwa dogaye da tukku a baki, ƙahonin sun lanƙwasa baya da gaɓa-gaɓa, ɗaya ya gutsure a tsini. Ƙasusuwan ƙugunsa duk a waje. Toka a bakinsa, ya lasa. Idonsa a lumshe yana tuƙa, numfashinsa yana fita fari. Iska daga wajensa take zuwa, bai ji mu ba.

Maigida ya durƙusa a hankali, ya ɗora bakin bindigar a kan dutse, ya ɗana ta. Albarushin da ya kusa ba da ransa a kai yana nan a bushe. Ya kwantar da kunci a kan gindin bindigar, ya sa yatsa a kunama. Hannunsa ko motsi. Yaro ma da ya samu.

Na raɗa masa, "Harba, Maigida. Ni na taɓa ka. In abin zai bi wani, ya bi ni."

Bai ɗago ba ya ce, "Ba ya zaɓe, Yalwa. Akwai yara a gida."

Ya daɗe a haka. Sannan ya janye yatsan, ya sauke bindigar, ya miƙe tsaye a fili. Ya yi gyaran murya ya ce, "Tsoho, kai ma ka ji daɗin gadon?"

Gwankin ya buɗe ido ya juyo da kunnuwa. Bai zabura ba. Ya dube mu, ya ɗaga baya tukuna sannan gaba, da ƙyar, kamar mai ciwon gwiwa. Ya yi wani huci, ya juya ya shiga gamba yana jan ƙafar hagu. Muka yi ta jin karyewar ciyawa har ta ɓace.

Na tone kututturen, wuta tana nan ja. Na dama kunu, na sabunta gadon. Daren nan a kansa muka kwana mu biyu, bayansa a ƙirjina, warin dabbar yana tashi daga ciyawa. Da safe na ga yana tsince gashin gwankin daga cikin gambar, ya ƙulle a bakin hularsa.

Da muka koma gari ya kai wa Anaruwa kambun. Abin da ya ce wa mutane shi ne ya ga gwankin bai harba ba, bai ƙara ko kalma ba. Ni na faɗa wa matan gidanmu yadda aka yi, wasu suka ce na kyauta, wasu suka yi shiru. Ya rataye bindigar da burtun a bayan ƙofa. Ƙirjin bai sake barinsa ya kwana a daji ba, dajin Gwaska ma daga baya aka sare aka yi gonaki.

Ya ƙara wasu shekaru a duniya. Ya ga auren jikarmu ta fari, ya yi wa 'ya'yanta huɗuba. Bai taɓa yi mini gori ba, ko a cikin faɗa, bai kuma taɓa ce mini na gode ba. Abu ɗaya ne: in aka fara kiɗan maharba a gari, sai ya ɗauki fartanya ya tafi gona, ko da rani ne babu abin nomawa.

Ciwon ajalinsa ma da sanyi ya zo. A ɗaki ne, ga kaskon wuta, ga barguna, ga ƙofa a rufe. Wani dare ya ce, "Yalwa, matso. Bayana na jin sanyi." Na shiga na rungume shi kamar wancan daren. Can har na ɗauka ya yi barci. Sai ya ce, "A Rafin Maje, da kin bar ni, kina ganin da na kai safe?"

Na so in ce masa a'a, da bai kai ba. Da na faɗa da ya tafi da sauƙi a zuciya, ni ma na zauna da sauƙi. Amma ban saba yi masa ƙarya ba. Na ce, "Ban sani ba, Maigida."

Ya ce, "Ni ma."

Wannan karon na yi ta jiran rawar nan ta fara a kafaɗarsa, ba ta fara ba.

Maharba sun zo sun yi masa kiɗa a ƙofar gida. Ina daga ciki ina jin masu ƙahon gwanki suna shiga fili, tsofaffi ne 'yan kaɗan da suka rage. Hularsa tana hannuna, ƙullin gashin yana nan a bakinta. Na yi tunanin in aika a kai musu, sai na ga ba ƙaho ba ne, ba wanda zai san abin da yake nufi. Na mayar ƙarƙashin matashi.

Har yau in sanyi ya shigo nakan farka kafin kiran salla. Akwai fakara a bayan gidanmu, cikin karan dawa. In ta yi kuka sai in ji hannuna ya miƙa yana neman bayansa.